Rumbun da Ya Koyi Iyo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya kwantar da ruwa a kwaruruka, ya ba kowace halitta mazauni da dabarar zama a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Jatau, magini ɗan magini jikan magini, mutumin Dunƙule. Zan faɗi abin da na gani sau ɗaya. Wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Dunƙule gari ne a cikin kwari. Kakanninmu ne suka zaɓi wurin, bisa wata hikima da suka tafi da ita kabari ba su bar mana ko ƙyallinta ba. Da can Kogin Maikwaɗayi nesa da mu yake wucewa, sai wata shekara ya ga dama ya sake hanya. Tun daga nan duk tsakiyar damina yakan shigo gari ba sallama, ya yi kwana ashirin, ya tafi ba bankwana. Mutane kan kwashi awaki da tabarmi su hau Dutsen Birai su jira. Ɗakin da ya faɗi a sake tayar da shi, ni ma ta nan nake cin tuwo, don haka ban taɓa kai ƙarar kogi a kan wannan ba.

Abin da ya dame mu iri ne. Abincinmu masakwa ce, dawar da ake shukawa bayan ruwa ya janye, kuma dole irinta ya yi kwana ashirin ɗin nan a wuri busasshe. Kan dutse ba ya yiwuwa. Birai sun fi mu yawa, sun fi mu sanin hanya, shekarar da muka gwada dako kawai muka yi musu.

Sai aka ce Sarkin Magina ya gina rumbun da ruwa ba zai ci ba. Ni ke nan. Shekarar farko na yi masa bango mai kaurin kamu biyu, ruwa ya jiƙa shi kamar fura. Ta biyu na ɗora shi a kan duwatsu, ruwa ya rarake ƙarƙashin duwatsun. Ta uku na yi shi dogo kamar giginya, ya tsaya kwana shida yana alfahari, ran na bakwai ya kwanta a kan rumfar jakin Cindo.

Cindo taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, tufkar igiya ce sana'arsa, surutu kuma gadonsa. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce kifayen Maikwaɗayi sun aiko da gaisuwa, sun ce masauki ya yi kyau, abinci ma ba laifi, sai dai a ƙara musu taga. Aka yi dariya. Maigari ne kaɗai bai yi ba. Ya ce ɗan abin da mata suka tsira da shi a tukwane shi za a shuka bana, irin da aka fitar daga cikinsa kuwa shi ne na ƙarshe. In ruwa ya cinye shi, kowa ya ɗauki tabarmarsa ya nemi garin da zai karɓe shi.

A ranar akwai wani falken busasshen kifi a kasuwa. Ya ce can gabas da gabas akwai Tafkin Ba-Gaɓa, inda mutane ke ajiye hatsi a kan ruwa, kuma bai taɓa jin ya jiƙe ba. Na tabbata ƙarya yake yi. Amma tsakanin ƙaryar falke da bakin Cindo, na zaɓi wadda ta fi nisa da gida. Na gaya wa matata Tabawa zan yi tafiya. Ta tambayi ko ina. Na ce al'amarin gini ne, ba na mata ba. Ta ɗaura mini guzuri.

Na bi fatake kwana arba'in, na yi wasu arba'in ni kaɗai. Na ratsa dajin da itatuwansa ke janye inuwarsu idan baƙo ya zauna. Na wuce garin da ake fara gaisuwa da hantsi a gama da la'asar, na bar shi ban sami sararin tambayar hanya ba. Na haye tudun gishiri inda raƙuma ke tafiya suna lasar turba. Daga nan ƙasa ta fara laushi, takalmina ya fara nauyi, har na iso inda sama ta haɗu da ruwa babu komai a tsakaninsu.

Bakin tafkin kacalla ce ta tsare shi, ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero, sai dai ta can kowace ta kai rimi tsawo. A gindinta na tarar da wata tsohuwa baƙa siririya, haƙoranta biyu, kwalekwalenta ɗaya, shi ma yana yoyo. Sunanta Gwamma. Na gaya mata ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, na ce ta kai ni wurin babban magininsu mu yi magana irin ta manya. Ta ce ba su da magini, amma tana neman mai kwarfar ruwa. Ta miƙo mini ƙoƙo. Haka Sarkin Maginan Dunƙule ya sami aikinsa na farko a ƙasar waje.

Muna ratsa kacallar na sa wuƙa na sari wani ganye don in ga abin da ya tsayar da shi haka. Cikinsa ɗaki-ɗaki ne kamar saƙar zuma, ba komai sai iska. Na ce wannan algus ne. A garinmu maginin da ya bar rami a cikin bango, korarsa ake yi da jifa.

"Ɗan tudu," in ji Gwamma, "ƙafarta tana cikin taɓo kamu biyar, inda iska ba ta zuwa. Ta ina kake so ƙafar ta yi numfashi?"

Na ce ƙafa ba ta numfashi. Ta ce tawa dai ba ta yi, ta ji shaidar haka tun da na shigo jirgi.

Kwana huɗu muna tuƙi, sannan muka iso Garin Kainuwa. Kainuwar da muka sani ba ta wuce tafin hannu ba. Ta can kowace ɗaya ta kai masussuka faɗi, mutane sun kafa bukkoki a tsakanin ganyayenta, da awakinsu da turamensu. Ganyen kauri gare shi, da gashi kamar bayan rago, in ka watsa masa ruwa sai ya gangare ya bar shi a bushe, in ka matsa shi sai ka ji kamar soso cike da iska. Na leƙa ƙarƙashi in ga harsashin ginin. Saiwoyi ne kawai suke reto kamar gemun tsoho, ba su taɓa komai ba, a cikin ruwan suke shan abincinsu. Na tambayi wa ya dasa gari a haka. Suka ce dashen Allah ne. Ba a jayayya da wannan amsar.

Gwamma ta sauke ni a gidan wani mai awaki, Mantau, ta ce za ta kai saiwar bado kasuwanni ta dawo bayan kwana uku. Ranar farko na je kasuwa, da na dawo na tarar gidan ba ya nan, wata mata da ban sani ba tana daka a gurbinsa. Sai la'asar na gano shi a ƙarshen gari. Mantau ya ce a nan ba a tambayar inda gida yake, yatsa ake lasa a ɗaga a ji inda iska ta nufa. Ya ce abin da daɗi, wanda ya yi faɗa da maƙwabcinsa ba sai ya yi ƙaura ba, ya jira iska kawai. Tausayinsu ya kama ni. Mutane masu kirki, amma ko turke ba su sani ba.

Rana ta uku iska ta kai gidan kan wani tudu na ƙarƙashin ruwa, inda zurfin bai wuce ƙugu ba. Mantau ya tafi kasuwa. Na ce yau zan saka wa mutumin nan alherinsa. Na sami ƙaton itace na feƙe shi, na shiga ruwa na kafa shi a taɓo har sai da ya daina motsi. Na ɗauko igiyata na ɗaure gindin kainuwar, na ja ta miƙe zar kamar tsirkiyar baka, yadda ubana ya koya mini, don igiya mai sako-sako abin kunyar magini ce. Na hau na zauna ina jiran godiya.

Abin da ba wanda ya gaya mini, don ban tambaya ba, shi ne ruwan tafkin nan daga duwatsu masu nisa yake zuwa. Sai a yi ruwa can, tafki ya kumbura nan, alhali ko gajimare ɗaya babu a sama. Kafin azahar ya fara hawa. Kowane gida ya hau tare da shi, ban da na Mantau. Gefen da na ɗaure ya sunkuya. Tukwane suka gangara, turmi ya bi su, awaki suka bi turmi. Surukar Mantau tana kwance a tabarma tana shan iska, ita ma ta bi awaki. An tsamo ta da ranta, da kuma dukan zagin da ta tara tun tana budurwa. Wani ya sare igiyar, kainuwar ta yi tsalle ta daidaita, aka kama ni.

An ɗan sha wuya kafin a gano inda fada ta koma. Sarkinsu bai ja magana ba. Ya ce dokar tun ta kakanni ce: wanda ya ɗaure gari, a ɗaure shi da igiyarsa a turkensa, kuma kada kowa ya kwance shi. Suka kai ni tudun nan suka ɗaure mini idon sawu da guntun da ya rage, suka ja ta miƙe zar. Na lura aikinsu da kyau, ba laifi. Ruwa yana ƙirjina. Mutane suka jeru a bakin gidajensu suna kallo, wasu da gyaɗa.

Ruwa ya kai wuyana sai ga Gwamma. Ta dube ni, ta dubi turken, ta tambayi dogarai ko doka ta hana zubar da shara a wurin. Suka ce ba ta hana ba. Ta jawo wani dogon kara kore daga cikin kayanta, karan ganyen bado, ta jefo mini.

"Ga irin ginin algus ɗin da ka zaga," in ji ta. "Riƙe, ko ka sami abin zagi kafin ka tafi."

Na riƙe, don ba ni da wani aikin. Na dubi bakinsa inda aka yanke, na ga ramuka huɗu manya da ƙanana kewaye da su. Na juya ɗaya bakin, su ne dai. Ruwa ya taɓa haɓata. Na tuna da ƙafar da aka ce tana numfashi a cikin taɓo. Na kafa baki na hura, na ji iska ta fita can sama. Na ja, ta dawo. Na toshe hanci, ruwa ya rufe kaina.

A ƙarƙashin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Daji ne sosai, itatuwa dogaye kore shar, ganyensu siriri kamar gashin jariri, suna tsaye ƙyam ba gungume ba reshe mai ƙarfi, ruwa na bi ta cikinsu suna rausaya ba ya karya ko ɗaya. Na so in daɗe ina kallo, sai dai karan kamu shida ne, ruwa kuwa bai gaya mini inda zai tsaya ba. Ƙullin igiyar ya kumbura, farce ba ya shigarsa, wuƙata kuma tana hannun dogarai.

Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne kwaɓa ƙasa. Shekara arba'in ina taka laka da ƙafa har ta yi laushi. Na fara taka taɓon da ke gindin turken, dama, hagu, dama, hagu, ina zagaya shi iyakar abin da igiya ta bari. Da na kafa shi na yi alfahari da zurfinsa, yanzu na tsine wa wannan alfahari. Na taka har cinyoyina suka mutu. Turken ya fara girgiza. Na rungume shi na jijjiga, na ja, ya fito da wani gurnani. Na taso da turkena a ƙafa, hannuna ɗaya riƙe da reshen dajin nan da na fizgo, don in kai gida a ga shaida.

Garin Kainuwa babu shi. Sun ga ruwa ya rufe ni, doka ta cika, iska kuma ta kira su. Gwamma kaɗai ce a kwalekwale tana tauna saiwar bado da haƙoranta biyu. Ta yanke igiyar, ta ce in hau in kama ƙoƙo, jirgi ya cika tun da na tafi hutu. Na ɗaga reshen in nuna mata abin mamaki, sai na ga wani abu lakaf a hannuna kamar zaren da ya faɗa miyar kuɓewa. Ta ce ruwa ne bangonsa, ruwa ne ginshiƙinsa, me zai yi da ƙashi? Na jefar. Karan badon dai ban jefar ba.

Bayan kwana tara muka iso ƙasarsu, Ƙasar Bado. Ganye ɗaya ya kai gonar mutum mai mata da 'ya'ya, shimfiɗe a kan ruwa, furanni farare a tsakani kowanne kamar ɗaki. A kan ganyayen na ga abin da na baro gida dominsa. Rumbuna ne na zana, marasa nauyi, cike da hatsi. Na tura hannu cikin ɗaya, hatsin a bushe ƙayau. Falken kifi bai yi ƙarya ba, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai.

Na ce in da an yaɓe ganyen da laka an daɓe shi, da ya fi ƙarfi. Gwamma ta ce in bar hannuna a aljihu, na riga na yi wa ƙasa ɗaya gyara. Ganyen tudu ta ƙasansa yake shaƙar iska, in ji ta, wannan kuwa ƙasansa ruwa ne, sai aka juyo masa da hancinsa sama. Iskar da ya shaƙa ita ke bin ramukan kara har saiwa. Wanda ya yaɓe shi ya shaƙe shi. Ta kamfaci ruwa ta zuba a kai, ya dunƙule ya gangara kamar duwatsun wuya, bai bar ko danshi ba, don fuskar ganyen santsi gare ta kamar an shafe ta da kaki.

Na tambayi me ya hana su yawo kamar mutanen Kainuwa. Ta ce saiwa, tana can binne a taɓo, girmanta ya kai ɗaki. Shekarar da tafki ya ƙafe ganye ya mutu, ita sai ta yi kwanciyarta ta jira ruwa. Na ce to ai ɗaure suke, don me su ba sa nutsewa? Ta ce in auna.

Na ɗaura dutse a igiya na saka, zurfin ruwa kamu talatin. Muka jawo karan wani mataccen ganye muka shimfiɗa, kamu hamsin. Ashe a ƙarƙashin ruwa a karkace yake kwance, in ruwa ya hau ya miƙe, in ya sauka ya sake kwantawa. Na ce asarar kamu ashirin ke nan.

"Da an bar maka asarar kamu biyu a ƙafa," in ji ta, "da ba ka sha ruwan tafkinmu ba."

Wata guda na yi a can ina kallo ina aunawa. Na roƙi iri, ta ce ba ya tsira a kwarin da ruwa ke kwana ashirin ya gudu. Na roƙi saiwa, ta ce in na iya ɗauka tawa ce. Ta mai da ni gindin kacallar nan inda ta ɗauko ni. Da za mu rabu na so in yi mata godiya, sai na rasa ta inda ake farawa. Ta ce in ajiye ƙoƙon a inda na same shi.

Na iso Dunƙule ana sharar gonaki. An girbe masakwa tun tuni, irin da aka fitar kwando goma sha biyu ne, ba ƙari. Mutane suka taru su ga dukiyar da na kawo. Cindo ya karɓi karan nan, wanda ya bushe ya zama sandata, ya leƙa ta cikinsa ya hango Maigari. Ya ce madalla, wata bakwai bawansa, wato ni, ya yi a duniya ya dawo da sanda mai rami, ko sandar ma an cuce shi.

Na sa aka tara mini goruna ɗari da ashirin na toshe bakunansu, na ɗaure su a ƙarƙashin dammunan kara, na yi dandamali. A kansa na saƙa rumbun zana, na shafe jinkarsa da kakin zuma da man kaɗanya. Na haƙa rami na binne duwatsun niƙa huɗu. Masu wucewa suna cewa Sarkin Magina ya tsufa, ya bar ƙasa ya koma saƙar kwando. Da za a ɗaure rumbun da duwatsun na ce wa Cindo ina son igiyar rama kamu talatin. Ya nuna mini tabon ruwa a jikin kukar kasuwa, ya ce tun da kogi ya fara zuwa bai taɓa wuce kamu takwas ba, wannan asarar kamu ashirin da biyu ce. Na ji maganar kamar na taɓa jin ta a bakin wani wawa. Na ce ya tufka kawai. Ya tufka, na ɗaure da hannuna, na naɗe ragowar na tura ƙarƙashin dandamali. Aka zuba iri aka rufe.

Kogi ya zo a lokacinsa. Muka hau dutse. Da safe muka ga ruwa ya kewaye rumbun, da hantsi ya ɗaga shi cak. Bakin kowa ya mutu, har na Cindo, abin da ya kamata ya sa ni zargi. Kwana uku yana hawa, rumbu na hawa. Ran na huɗu tabon kuka ya nutse. Ran na biyar bayan azahar Tabawa ta taɓa ni ta nuna. Gefe ɗaya na dandamalin ya sunkuya, irin sunkuyon da na taɓa gani a gidan Mantau.

Na waiwaya. Can bayan jama'a jakin Cindo yana kiwo, ɗaure da sabuwar igiya doguwa, tana ba shi damar zagaya rabin dutse. Na san tufkar.

"Cindo," na ce, "kamu nawa ka bar masa?"

"Tara. Takwas ruwa ke kaiwa. Har gyara na yi masa."

Maigari ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Mata suka fara salati. Na so in yi wa Cindo abin da ya dace da shi, sai na tuna surukar Mantau, na kuma ga ba lokaci. Na kwance jakin. Na ɗauki babban gora da wuƙa da sandata. Tabawa ce ta naɗa mini igiyar a ƙugu, ta ja ƙullin da ƙarfi, ta ce kada in kuskura in mutu, dangar madafarta ba a gyara ba.

Na kwanta a kan goran na bi ruwa har rumbun. Katakon gefen dandamali, wanda na ɗaure igiyar a jikinsa, ya riga ya nutse, ruwa yana lasar gindin zana. Na maƙale goran, na sa sanda a baki, na shiga. Ruwan Maikwaɗayi ba irin na tafki ba ne, ja ne kamar kunun kanwa, ko hannuna ba na gani. Da lalube na sami katakon na ɗaure bakin sabuwar igiya. Na bi tsohuwar da hannu zuwa ƙasa iyakar inda sandata ta bari, ta miƙe zar, tana rawa kamar za ta tsinke. In ta tsinke kafin in gama, rumbu ya zama kainuwa, sai dai mu ji labarinsa a bakin fatake. In na daɗe, ya zama masaukin kifi na huɗu. Yatsun mai shekara sittin ba sa sauri. Ƙulli na farko ya zame. Na biyu ya zame. Ruwa ya shigo ta sanda sau ɗaya, na furzar, na ci gaba. Na uku na murɗa shi sau bakwai yadda ake ɗaure azara, ya kama. Na sa wuƙa a saman ƙullin na yanke.

Dandamalin ya yi tsalle ya buge ni a ƙeya. Da na taso ina ganin taurari da rana tsaka, rumbun ya tafi kamu ashirin ya tsaya, yana juyawa a hankali kamar rago a turke.

Ruwan shekarar ya kai kamu goma sha uku. Kwando ɗaya ya jiƙe, sha ɗaya suka fita a bushe, su muka shuka, garin yana nan har yau. Jakin kuwa da ya ji ba igiya ya shiga cikin birai, kwana goma sha biyar suna hawansa bi da bi muna kallo. Cindo har yanzu yana gaya wa baƙi igiyarsa ce ta ceci Dunƙule. Ba ƙarya ya yi ba, shi ne abin haushin.

Da ruwa ya janye, rumbun ya sauka a hankali ya zauna a bakin kududdufin bayan gidana, ramin da nake ɗibar ƙasar gini tun ina saurayi. Na je duba shi. Tabawa tana wanke-wanke a wurin. Sai idona ya faɗa kan ruwan kududdufin. Bado ne ya rufe rabinsa, kainuwa tana yawo a sauran, kacalla ta tsaya a gefe. Shekara arba'in ina ture su da ƙafa don in kai ga laka. Na naɗe wando na shiga, na auna zurfin, kamu biyu. Na tumɓuko ganye ɗaya da karansa, kamu uku da rabi. Na karya karan. Ramuka huɗu manya, da ƙanana kewaye da su.

Tabawa ta tambayi me maigida yake nema a cikin taɓo. Na gaya mata, a taƙaice. Ta ce ai duk macen da ta taɓa tonon saiwar bado ta san karansa ya fi ruwansa tsawo, da suna 'yan mata ma da shi suke hura kumfa a cikin ruwa.

"Don me ba ki faɗa mini ba?" na ce.

Ta ɗauraye ƙwarya ta kife ta. "Maigida, shekara arba'in, ka taɓa tambayata wani abu ban da ina tuwo?"

Sai na tambaye ta ina tuwo.

Iyakar tafiyata ke nan, iyakar abin da na gani ke nan. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya. Wanda ke da sauran tambaya, Tabawa tana gida.